Da Nintendo Bai Fasa Auren Sony Ba, Da Me Muka Buga a Ƙauye?

A ƙauyenmu na ƙasar Bebeji, in an idar da sallar isha'i babu inda ya kai teburin mai shayi cika. Nan ake yanke wa gwamnati hukunci, nan ake sauke kocin Arsenal a naɗa wani, nan ake jin farashin taki tun ba a je kasuwa ba. A wani dare cikin hunturun da ya wuce, ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Wudil ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, ka taɓa ganin wannan?" Hoton wata tsohuwar na'urar gem ce da jikinta ya yi dusu-dusu. A samanta an rubuta Sony, amma hannun bugawarta sak irin na Nintendo. Ya ce a 2020 aka yi gwanjonta a Amurka, wani ya saya dala 360,000. Teburi ya ɗauki salati. Mai shayi ya tsaya da kofi a hannu yana lissafin shanu nawa ke nan a kasuwar Wudil.

Na ce da su ai wannan akwati lefen auren da aka sa wa rana aka fasa ne, kuma da an ɗaura shi, da wataƙila ƙuruciyar rabin mazauna bencin nan ta bi wata hanya daban. Baffa, ƙanin mahaifina, bai bari na dire ba. Ya ce, "Kai dai ana ce maka malamin makaranta amma ba ka jin karatu. 'Da a ce' ai ƙofar Shaiɗan ce." Na ce, "Haka ne Baffa, hadisi ne ingantacce. Amma 'da a ce' ɗin da aka hana ita ce ta mai cizon yatsa, wanda ke jayayya da ƙaddara. Tawa irin ta manomi ce da ya tsaya a bakin gona bayan girbi yana duba ko taki ne ya yi aiki ko ruwa." Ya kurɓi shayinsa ya ce to in yi mu ji. Abin da na faɗa a daren, da abin da na ƙara tunawa bayan an watse, shi ne na zauna na rubuta.

Kamfanin Nintendo tsoho ne, tun 1889 yake a birnin Kyoto na Japan, kuma da buga katin karta ya fara. Bayan kasuwar gem ta Amurka ta rushe a 1983, har kamfanin Atari ya kwashi kasa-kasan da suka yi kwantai ya binne a wani juji a jihar New Mexico, Nintendo ne ya tashe ta. Daga abin da ya faru da Atari ya koyi riƙe wuya: shi ke buga kaset ɗin kowane wasa, shi ke cewa wane zai fito da wasa wane ba zai fito ba, kuma ya sa wa na'urarsa makulli a ciki don kada ta karɓi kaset ɗin da bai sa wa albarka ba. A 1988 ya ƙulla yarjejeniya da Sony a kan su haɗa na'urar da za ta karɓi faifan CD. Wani injiniyan Sony mai suna Ken Kutaragi ne ke jan aikin. Sai shugaban Nintendo, Hiroshi Yamauchi, ya sake duba takarda ya ga ashe ribar wasannin da za a buga a faifai hannun Sony za ta fi zuwa. A watan Yunin 1991, a wani baje-kolin kayan lantarki a Chicago, Sony ya fito ya sanar da na'urar haɗin gwiwar. Washegari Nintendo ya hau mumbari ya ce shi da Philips na ƙasar Holan zai yi aiki. An watsa wa Sony ƙasa a ido a bainar jama'a. Shugabansa Norio Ohga ya ƙi haɗiye abin, ya bar Kutaragi ya ci gaba shi kaɗai, kuma ranar 3 ga Disamba 1994 PlayStation ta fito a Japan. Ta sayu sama da miliyan 100. Ƙanwarta da ta biyo baya a 2000 ta haura miliyan 155.

Mu a ƙauye ba mu san an yi wannan rigima ba. Abin da muka sani shi ne wajen 2004 wani ɗan garinmu da ya yi zaman Sabon Gari ya dawo da akwati biyu 'yan gwanjo, da talabijin biyu masu ƙusumbi, da ƙaramin janareta irin mai shan fetur haɗe da baƙin mai. Ya kafa rumfar kwano a bayan injin niƙa, ya rataya buhu a ƙofa. Ciki zafi kamar tanderu, ga warin hayaƙi, ga yara an cunkushe a benci har wasu na leƙe ta hudar kwano. Naira goma wasa ɗaya, wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna. Ƙwallo kawai ake bugawa, Winning Eleven ta kamfanin Konami, kuma kwafin da ya iso mana na Japan ne, ba harafi ɗaya da wani zai iya karantawa. Haddace shi muka yi kamar karatun allo: sauka biyu, danna da'ira, sauka ɗaya, danna da'ira. Mai sharhin wasan in ya ƙwala "shuuto!" sai rumfa ta amsa gaba ɗaya, har yaran da ba su taɓa riƙe hannun gem ba suna faɗar ta a filin makaranta in za su buga ƙwallon tsumma. In idon na'ura ya gaji ya ƙi karanta faifai, sai mai shago ya kifa ta a kan cikinta, ta tashi. In faifai ya karce, a goge shi da man goge baki da gefen riga. Akwai kuma dokar da ba a rubuta ba: in ka ɗauki Najeriya, abokin karawarka na da ikon cewa ban da Babangida, domin Tijjani Babangida na cikin wasan nan in ya tsinke da gudu sai dai a bi shi da ido.

To, abin lura a nan shi ne bayan faifan. Faifan PlayStation na asali bayansa baƙi ne. Mu ba mu taɓa ganin baƙi ba, duk namu farare ne masu sheƙi, wato kwafi. Na asali a Turai kuɗinsa ya fi abin da mai shagon nan ke samu a sati. Kwafi kuwa a Kano kuɗin kwanon abinci ne, in dai an riga an buɗe cikin na'urar an liƙa mata ɗan ƙaramin cif ɗin da ke rufe mata ido ta daina bambance halal da haram. Duk mai kwamfuta da faifan da ba komai a kansa ya zama masana'anta. Wannan shi ya sa PlayStation ta shiga lungunan da Sony bai san da su a taswira ba. Nintendo kuwa da ya fito da tasa sabuwar na'urar a 1996 ya nace wa kaset, kuma ko da yake ita ma tana da wasan ƙwallo mai kyau na Konami, ban taɓa ganin ta a ƙauye ba ko sau ɗaya. Kaset ma ana satarsa, ai duk mun san masu ruwan ɗorawar nan da ake rubuta wa wasa 9999 a ciki alhali guda goma ne ake ta maimaitawa. Amma satar kaset sai da masana'anta a Sin ko Taiwan, sai da jirgin ruwa da ɗan kasuwa mai jari. Satar faifai ɗaki ɗaya ta ishe ta.

Yanzu a ce Yamauchi ya haɗiye kishinsa an ɗaura aure. Da Sony ya zama mai ƙera wa Nintendo kaya, faifan kuma ya shiga ƙarƙashin kamfanin da duk duniya ba wanda ya kai shi ƙyamar kwafi. A daren nan na ce da shi ke nan, da babu rumfar bayan injin niƙa. Da na kwana na tashi sai na ga na yi azarɓaɓi. Akwai Sega. Ita ma ta fito da na'urar faifai a 1994, ta sake fito da wata a 1998 wadda 'yan kwafi suka gano yadda za su sa ta karɓi faifansu ko ba a liƙa mata komai ba. Abin da ya kori Sega daga ƙera na'ura a 2001, babban kasonsa nauyin Sony ne. In babu Sony a fili, da alama Sega ta numfasa, kuma da ita ce ta gangaro mana ta hannun 'yan gwanjo. Dama kafin zuwan PlayStation duk wata na'urar gem Sega muke ce mata. Ke nan abin da zai canza shi ne sunan da ke jikin akwati, da wataƙila jinkirin shekara biyu ko uku. Rumfa, da benci, da naira goma, da faɗa a kan wa ya danna wa wani hannu, duk da suna nan.

Wannan ya sa na fara zargin cewa yawancin "da a ce" ɗin da muke yi a kan kallo da wasa ba sa taɓa inda abin yake. Duk abin da ya iso ƙauye irin namu sai ya bi ta rariya biyu. Ta farko, ana iya kwafarsa da araha? Ta biyu, zai iya tashi da 'yar wutar da mutum talatin za su yi karo-karo su saya? Abin da ya tsallake waɗannan ya shigo, ko daga ina yake, ko da wane yare yake magana. Wanda ya maƙale kuwa, ko an yi shi domin mu, a birni zai tsufa.

Mu gwada da zancen da aka fi so a majalisa, wato finafinan Indiya. Sau nawa na ji ana cewa da Kwarori masu gidajen sinima ba su kawo mana Indiya ba, da fim ɗin Hausa bai lalace da rawa da waƙa ba. Tarihin dai gaskiya ne. Tun 1937 aka buɗe sinimar Rex a Kano, kuma 'yan Lebanon ne suka riƙe harkar shigo da fim shekara da shekaru. Su suka gwada na Indiya suka ga ya fi na Amurka araha, ya kuma fi cika musu kujeru. Amma sinima ba ta taɓa zama wurin mutumin kirki a idon iyayenmu ba, balle bayan gobarar sinimar El-Duniya ta 1951 da ta ci mutum 331, wadda mutanen gari da yawa suka ɗauka ishara ce. Ɗan ƙauye majigi ya sani, motar gwamnati da ke zuwa ƙofar fada ta haska yadda ake noman auduga. Indiya ta talabijin ta shige mu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirga cewa tashar NTA ta Kano kaɗai ta nuna finafinan Indiya sama da dubu tsakanin 1977 da 2003. Daga nan kaset ya ɗauka.

A ce na Masar ne suka samu wannan gurbi, tunda su Kwarorin Larabawa ne kuma Alƙahira ce cibiyar fim ɗin Larabawa. Mai wannan buri ya manta cewa fim ɗin Masar na wancan zamani shi ma cike yake da waƙa da rawa, manyan mawaƙan ƙasar ma su ne taurarinsa. Kuma ina ganin da rigimar ta fi zafi. Indiyanci ba mai ji, don haka kowa ya fassara wa kansa abin da ya ga dama, har masu begen Annabi suka ɗauki karin waƙoƙin suka ɗora a bandiri ba tare da sun ji sun yi laifi ba. Larabci kuwa harshen da muka sani a bakin malam ne. A ce yaro ya ji kalmomin da ya haddace a allo suna fitowa daga bakin mai rawa, da malamai ba su jira shekara ta 2000 kafin su tashi tsaye ba. Abin da ya ɗaure mu da Indiya a fili yake: auren dole, kishiya, uba mai faɗa a ji, budurwa mai rufe fuska don kunya, talaka da ke son 'yar mai kuɗi. Mun ga gidanmu a gidan wasu. Waƙar ma ba baƙuwa ba ce, wace tatsuniya ce Gizo ko 'yar sarki ba su rera wani abu ba? Abin da ya kori kalangu da kukuma daga fim ɗin Hausa kuwa, in aka bi sawu, fiyanon Yamaha ne: yaro ɗaya a ɗaki ɗaya ya fitar da sautin da a da sai an tara makaɗa biyar an ciyar da su an sallame su. Rariyar farko ke nan ta sake aiki.

Akwai masu kawo rigimar kaset ɗin bidiyo, tsakanin Betamax ta Sony da VHS, wai da Sony ya yi nasara a can. Wannan ba ta da nisa. Betamax ta fito a 1975 tana ɗaukar awa ɗaya, VHS ta biyo a 1976 tana ɗaukar biyu, daga baya uku, daidai tsawon fim ɗin Indiya. Ko wacce ta ci, kaset dai kaset ne, ana kwafarsa da na'ura biyu da waya ɗaya. Wadda ta fi ta nauyi ita ce ta 1986, shekarar da gwamnatin Janar Babangida ta kawo SAP, tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta fara gangara. Kafin nan wasan kwaikwayon Hausa ɗan gidan gwamnati ne. Su Samanja da Karkuzu da Kuliya a tashoshin gwamnati aka san su, kuma CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV, ta ba ƙungiyoyin wasa fili sosai. Da aljihun tashoshin ya bushe, ƙungiyoyin suka nemi wata hanya, har Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990. Da naira ta tsaya da ƙafarta, wataƙila da an daɗe ana wasa mai tsafta da faɗakarwa, na albashi, wanda ba ya ɓata wa kowa rai, kuma da kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai ba ta zama abin da ta zama ba. Wannan "da a ce" ta taɓa kuɗi, shi ya sa na yarda tana da haƙori.

Sai wadda ta fi kusa da mu, wadda in an taɓo ta a teburin shayi har yau murya ke tashi. A watan Yulin 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa za ta gina alƙaryar fim a Kofa, nan cikin ƙaramar hukumarmu, garin ɗan majalisa Abdulmumin Jibrin. Naira biliyan 3, fili hekta 20, da makarantar koyon aikin fim, da ɗakin taro, da masauki, da kantuna. Kafin a ce kwabo malamai sun hau mumbari, Facebook ta kama da wuta, wasu na cewa za a tara mana 'yan iskan duniya a bayan gida, wasu na cewa ana fama da tsadar shinkafa wa ya aiki gwamnati. Cikin 'yan kwanaki aka ce shugaba Buhari ya janye. Ina da abokai da suka riga suka fara lissafin kuɗin filayensu na bakin hanya, har yau in an ambaci zancen sai su yi tsaki su tashi.

Na yarda da su a kan abu ɗaya. Da an yi, da masu abinci da 'yan acaɓa da magina sun ga canji, da filaye sun yi daraja, kuma da makarantar ta tsaya da ƙafarta da ta fitar da yaran da suka iya haske da sauti, abin da har gobe ake kukan rashinsa. Tsoron malamai ma ban raina shi ba. Ƙauye ba ya haɗiye baƙi ɗari biyar ya zauna yadda yake, ko da alhazai ne. Amma masu cewa da alƙaryar ta ceci Kannywood suna duban rufi ne alhali tushe ke zaizayewa. A wannan shekarar ta 2016, a shagon cajin waya na garinmu akwai yaro da tsohuwar kwamfuta a kan tebur, ka ba shi memori da naira ashirin ko hamsin ya tura maka fim ɗin da ya fito jiya a Kano. Ko sisi ba ya komawa ga wanda ya zuba jari. Kwafin da ya haifi masana'antar shi ne ya juyo yana cin ta, domin ya kai matsayin da ko faifan ma ba a buƙata. Ɗakin ɗaukar hoto mai na'urar sanyaya iska ba ya maganin wannan. Furodusan da ke hayar gidan wani alhaji kwana uku ya gama fim, ko ya kwaso 'yan rawa zuwa bakin dam ɗin Tiga ya ɗauki waƙa kyauta, da me zai biya kuɗin ɗakin gwamnati da ke cin dizal? Mutanen Kalaba sun riga mu gwadawa. An buɗe Tinapa a 2007 da katafaren ɗakin shirya fim a ciki, aka ce Nollywood za ta tare can. Ba ta tare ba. Abin da ya ɗaga fim ɗin Hausa daga faɗuwar faifai ya zo ne ta inda ba a gina komai ba: tashar Arewa24 da ta fara a 2014, da YouTube, da dogon shiri mai fitowa duk mako wanda talla ke biya. Ba na jin akwai bulo ɗaya da aka aza domin wannan.

Rariya ta biyu ce ba a cika zancenta ba, kuma ita ce ni nake ganin da an taɓa ta da komai ya sauya. Dam ɗin Tiga a nan kusa da mu yake, gwamnatin Audu Baƙo ta gina shi aka gama a 1974, domin noman rani na Kadawa da Kura. Sai bayan kusan shekara arba'in aka fara aikin sa masa injinan wuta na megawat 10. A lissafin birni wannan ba komai ba ne. Amma gidan ƙauye mai ƙwan fitila uku da fanka da talabijin bai wuce wat 200 ba, kuma in ka raba za ka ga gida dubu 50 ke nan. Na san da an samar da ita tun farko da Kano za a miƙa ta, mu mu ga waya ta wuce ta saman gonakinmu. Amma tunda wasan "da a ce" muke, a bar mana ita.

Da wuta ta zauna a ɗakunanmu tun shekarun 1980, da gidan kallo bai zama abin da ya zama ba. Gidan kallo ɗan rashin wuta ne: mutum ɗaya ya sayi janareta, saura su biya kuɗin shiga. Shi ya sa ƙwallon Ingila ta zama addinin samari bayan Kanu ya koma Arsenal a 1999, domin ƙwallo ce abin da mutum ɗari za su kalla tare kowa ya ji kuɗinsa ya fita. Kuma duk abin da aka kai rumfa, an fitar da mata daga cikinsa ke nan. Wace yarinya za ta ɗaga buhun ƙofar nan ta shiga tsakiyar ƙarti? Wace matar aure za ta fita? A birnin Kano, inda ake ɗan samun wuta, kaset ya shiga ɗaki ya tarar da matan kulle, su suka zama kasuwar fim ɗin Hausa, don su ake rubuta labarin kishiya da uwar miji. Gem bai samu wannan sa'a ba a wajenmu. Ya tsaya a bayan injin niƙa, ya zama abin yara maza marasa jin magana, wanda ake zuwa a janyo su da bulala lokacin makarantar allo. Mun taso muna ganin haka Allah ya yi shi. Alhali da akwatin nan a tsakar gida yake, kusa da turmi, da yayyenmu mata sun riƙe hannunsa kafin mu, da kuma ba ƙwallo kaɗai za a nema ba, domin mai zaman gida yana da lokacin bin dogon labari mataki-mataki, abin da naira goma da layin masu jira ba sa bari. Wa ya sani ko da cikin 'yan matan da suka cika kasuwa da littattafan soyayya a shekarun 1990 an samu wadda ta ce ita nata labarin a wasa za ta zuba shi. A Kamaru wasu samari sun fitar da wasan kwamfuta na tatsuniyar ƙasarsu a 2016. Mu da ke da Bayajida da rijiyar Kusugu, da dambe, da langa, da dara, har yau a hannun Japan muke buga Najeriya.

Rumfar bayan injin niƙa ta daɗe da rufewa. Waya ta fara kwashe mata yara, cire tallafin mai na Mayun 2023 ya ƙarasa ta, domin ba a tayar da janareta da fetur na wannan zamani a kan naira hamsin-hamsin. Mai shagon yanzu POS yake yi da cajin waya, da faranti biyu na sola a saman kwano. Washegarin gardamarmu na bi ta wajensa cire kuɗi, na ce, "Yaya, ina akwatunan nan namu kuwa?" Ya ce ɗaya ta mutu, ɗayar tana cikin gida, ya haɗa mata batir da 'yar talabijin, yara na rage zafi da ita bayan Islamiyya. 'Ya'yansa huɗu, duka mata. Ya ce babbar, mai shekara goma sha biyu, ta hana kowa sakat, ita ma ta haddace Japanancin, sauka biyu danna da'ira. Najeriya take ɗauka. Ƙannenta sun kafa mata doka, ban da Babangida.